Majalisun ɗalibai da 'yancin maganar Falasɗinawa a jami'o'in Amurka: tambayoyi da amsoshi

Hotunan da suka fi yawo daga jami'o'in Amurka tun ƙarshen 2023 su ne na tantuna da 'yan sanda da ɗalibai ɗaure da ankwa. Akwai kuma wata rigimar da kyamara ba ta cika ɗauka ba, wadda ake yi a ɗakin taro har tsakar dare, da takarda da ƙuri'a. A nan ne zaɓaɓɓun wakilan ɗalibai suke fafatawa da hukumomin jami'a a kan ko ɗalibi Bafalasɗine da masu goyon bayansa za su buɗe baki kamar kowa. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan lamarin.

Mece ce majalisar ɗalibai a can? Daidai take da SUG ta jami'o'inmu?

Sun yi kama. Ana zaɓe duk shekara, akwai shugaba da mataimaki da wakilai, akwai kamfe da fastoci da ƙorafin maguɗi. Bambancin yana ga abin da ke hannunta. A yawancin jami'o'i majalisa ce ke tantance ƙungiyar da za a yi wa rajista, ita ce kuma ke raba kuɗin ayyukan ɗalibai, wanda ake cira daga kowane ɗalibi tare da kuɗin makaranta. Ƙungiyar da ba ta da rajista ba ta kama zauren taro, ba ta manna sanarwa, ba ta gayyato baƙo mai jawabi da sunan jami'a. Kuɗin kuma ba na wasa ba ne. Majalisar ɗaliban Jami'ar Kalifoniya da ke Davis tana juya kasafin kusan dala miliyan 20 a shekara, har motocin bas ɗin da ke zirga-zirga a garin ita ke tafiyar da su.

Abin da ba ta da iko a kai shi ne jarin jami'a da dokokin ladabtarwa. Waɗannan suna hannun kwamitin amintattu da shugaban jami'a da mataimakansa. Idan majalisa ta zartar da ƙuduri a kansu, shawara ce kawai.

Ba an ce Amurka ƙasar faɗar albarkacin baki ba ce? Me ya kawo batun tsaya wa wani?

Gyaran farko da aka yi wa tsarin mulkin Amurka a 1791 ya hana gwamnati tauye magana. Gwamnati aka ce. Saboda haka jami'ar da jiha ta mallaka, kamar ta Michigan ko ta Florida, dokar ta hau kanta kai tsaye. A 1972 Kotun Ƙoli ta yanke cewa wata kwalejin gwamnati a Connecticut ba ta da hurumin hana ƙungiyar ɗalibai rajista don kawai shugaban kwalejin yana ƙin aƙidarta. A 2000, a wata shari'a da ta taso daga Jami'ar Wisconsin, kotun ta ce ana iya tilasta wa ɗalibai biyan kuɗin ayyuka, amma da sharaɗin a raba shi ba tare da duba ra'ayin ƙungiya ba.

Jami'o'i masu zaman kansu kuwa, irin su Columbia da Harvard da Tufts da Fordham, wannan gyaran bai ɗaure su ba. Abin da ɗalibi zai kama su da shi sai alkawarin da suka rubuta da hannunsu a littafin dokokin ɗalibai. Jihar Kalifoniya ce ta fita daban, domin tun 1992 tana da dokar da ta miƙa wannan kariya zuwa jami'o'i masu zaman kansu. Da yawa daga cikin manyan rigingimun nan a jami'o'i masu zaman kansu suka faru, ruwa kuwa ba ya tsami banza.

A ba mu misali ɗaya inda majalisa ta ce e, hukuma ta ce a'a.

Fordham, jami'ar Katolika a New York. A 2015 wasu ɗalibai suka nemi a yi wa reshensu na SJP rajista, wato ƙungiyar ɗalibai masu neman adalci ga Falasɗinu, wadda ta samo tushe a Berkeley ta bazu a ƙasar. Aka yi ta jan su fiye da shekara, ana kira taro ana sake kira, ana tambayarsu me suke nufi da kalmar wariyar launin fata, ko za su yarda su canza suna. A Nuwamban 2016 majalisar ɗalibai ta saurari kowane ɓangare, ta kaɗa ƙuri'a ta amince. Wata guda bayan haka shugaban sashen harkokin ɗalibai, Keith Eldredge, ya soke amincewar, yana cewa ƙungiyar za ta raba kan jama'ar jami'a.

Ɗaliban suka kai ƙara a 2017. A Agustan 2019 mai shari'a Nancy Bannon ta ba su gaskiya, ta ce jami'ar ta saɓa dokar da ita da kanta ta rubuta, domin babu inda aka ce raba kan jama'a dalili ne na hana rajista. A Disamban 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta juyar da hukuncin, babbar kotun jihar kuma ta ƙi sauraron shari'ar. Kafin a kai nan, waɗanda suka fara neman rajistar duk sun kammala karatu sun tafi. Wannan shi ne makamin da hukuma take da shi wanda ɗalibai ba su da shi: ita tana nan, su kuwa shekara huɗu ce.

Duk da haka ƙuri'ar majalisar ba ta tafi a banza ba. Ita ce ta sa aka iya nuna wa alƙali cewa an bi kowace ƙa'ida har ƙarshe, sannan aka zo aka ƙirƙiro sabon dalili.

Me ya canza bayan 7 ga Oktoban 2023?

Saurin hukunci da girmansa. Bayan harin Hamas, wanda ya kashe kusan mutum 1,200 a Isra'ila aka kuma yi garkuwa da kusan 250, da yaƙin da ya biyo baya wanda ya hallaka dubun dubatar mutane a Gaza, jami'o'i suka shiga matsin lamba daga masu ba su gudummawa da 'yan siyasa. A 24 ga Oktoba shugaban jami'o'in gwamnatin Florida, da haɗin bakin gwamna Ron DeSantis, ya ba da umarnin rufe rassan SJP. Daga bisani aka ja da baya, ba a aiwatar ba. Brandeis ta soke rajistar reshenta a farkon Nuwamba. A 10 ga Nuwamba Columbia ta dakatar da SJP tare da JVP, wadda ƙungiya ce ta Yahudawa masu adawa da mamayar Isra'ila. Jami'ar George Washington ma ta dakatar da nata reshen bayan an haska wasu kalamai a bangon laburare.

A Harvard, bayan wata wasiƙa da ƙungiyoyin ɗalibai sama da 30 suka sa wa hannu suna ɗora wa Isra'ila alhakin abin da ya faru, wata mota mai allon talabijin ta riƙa zagaya unguwar jami'ar tana nuna hotuna da sunayen ɗalibai. Wasu sun rasa aikin da aka riga aka yi musu alkawari. A 25 ga Nuwamba kuma aka harbi ɗalibai uku Falasɗinawa a Burlington ta jihar Vermont suna tafiya suna hira da Larabci da Turanci, biyu daga cikinsu da gyalen kufiyya a wuya. Ɗaya, ɗalibin Jami'ar Brown, ya shanye daga ƙirji zuwa ƙasa.

A bazarar 2024 ɗalibai masu zanga-zanga suka kafa tantuna a harabar jami'o'i. Shugabar Columbia ta lokacin, Minouche Shafik, ta kira 'yan sandan New York a 18 ga Afrilu, aka kama sama da 100, sai abin ya watsu. Kafin ƙarshen zangon an kama sama da mutum 3,000 a faɗin ƙasar.

To a aikace, me majalisa take yi wa ɗalibin da aka rufe wa baki?

Mafi yawan aikin ba mai ɗaukar ido ba ne. Tana rubuta wa hukuma ta nemi a faɗi wace doka aka karya, sashe na nawa, kuma wace ƙungiya aka taɓa hukuntawa a kan irin wannan laifi. Tana neman a ba wakilinta kujera a kwamitin ladabtarwa. Tana shirya taron da lauyoyi za su faɗa wa ɗalibai haƙƙinsu idan ɗan sanda ko jami'in shige da fice ya tare su. Tana matsa wa jami'a ta taimaki waɗanda aka baza sunayensu a intanet, musamman a shafin Canary Mission, wanda ya shafe shekaru yana tattara hotuna da bayanan masu goyon bayan Falasɗinu. Tana kuma iya neman yafiya ga waɗanda aka dakatar saboda zanga-zangar lumana.

Akwai wata dabara da ɗalibai suka gano da kansu. Da Columbia ta dakatar da ƙungiyoyin nan biyu, cikin 'yan kwanaki ƙungiyoyi sama da 40 suka haɗu a inuwa ɗaya suka ci gaba da abin da aka hana biyun. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma fa na ɗan lokaci, domin daga baya hukuma ta koma hukunta mutum ɗaiɗai.

A ganina, majalisar da ta fi amfanar Falasɗinawa ita ce wadda ta nace a kan tambaya ɗaya: da wata ƙungiya ce ta yi wannan, haka za a yi mata? Ƙuduri mai zafin kalmomi yana sanyaya zuciya, amma wannan tambayar ce ke shiga fayil ɗin lauya.

Ƙuri'ar janye jari daga Isra'ila kuma, ina ruwanta da 'yancin magana?

Asalinta kiran da ƙungiyoyin fararen hula na Falasɗinu sama da 170 suka yi a 2005, na a ƙaurace wa Isra'ila, a janye jari, a sa mata takunkumi, abin da ake taƙaitawa da BDS. Majalisun ɗalibai suka ɗauki ɓangaren jari. Ta Berkeley ta zartar a 2010, shugaban ɗalibai ya hau kujerar naƙi, aka sake zartarwa a 2013. Ta Michigan ta zartar a 2017 da ƙuri'a 23 a kan 17, hukumar gudanarwa ta ce ba za ta ko duba ba. A 2020 kashi 61 cikin ɗari na ɗaliban kwalejin Columbia da suka kaɗa ƙuri'a suka goyi baya, shugaban jami'ar na lokacin, Lee Bollinger, ya ce babu abin da zai canza.

Har nan babu tauye magana. Ɗalibai sun faɗa, hukuma ta ƙi, kowa ya yi amfani da haƙƙinsa. Inda gizo ke saƙa shi ne lokacin da aka hana kaɗa ƙuri'ar ma. A ƙarshen Nuwamban 2023 hukumar Jami'ar Michigan ta soke ƙuri'ar raba gardama a kan ƙudurori biyu, ɗaya na ɓangaren Falasɗinu ɗaya na ɓangaren Isra'ila, ana tsakiyar zaɓe, tana cewa an yi amfani da adireshin imel na jami'a ba bisa ƙa'ida ba wajen kamfe. A Maris na 2024 Jami'ar Vanderbilt ta cire irin wannan tambaya daga takardar zaɓen ɗalibai, bisa hujjar cewa za ta iya jefa jami'ar cikin matsala da dokokin hana ƙaurace wa Isra'ila, waɗanda jihohi sama da 30 suke da irinsu. Ɗalibai suka yi zaman dirshan a ginin ofishin shugaban jami'a, aka kori uku, jami'ar tana zarginsu da ture mai gadi wajen shiga.

Ɗalibai Yahudawa fa? Ba su ma suna kuka ba?

Suna yi, kuma akwai gaskiya a kukan. An zagi wasu, an tsorata wasu, an tare wa wasu hanya. A Agustan 2024 wani alƙalin tarayya ya ce Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ba za ta zuba ido ana hana ɗalibai Yahudawa wucewa ta wani yanki na harabarta ba. A wannan jami'ar dai, a daren 30 ga Afrilun 2024, gungun masu goyon bayan Isra'ila suka far wa tantunan da sanduna da wasan wuta na tsawon sa'o'i kafin 'yan sanda su shiga tsakani. Majalisun ɗalibai su ma ba su tsira daga laifi ba. A 2015 wasu 'yan majalisar wannan jami'a suka tambayi wata ɗaliba da aka ba muƙami ko kasancewarta Bayahudiya zai bar ta ta yi adalci. Sun ba da haƙuri daga baya, kuma ya dace su bayar.

Doka ɗaya ce ke kare ɓangarorin biyu, sashe na 6 na dokar haƙƙin ɗan ƙasa ta 1964, wanda ya hana makarantar da ke karɓar kuɗin tarayya nuna bambanci saboda launi ko asali. Gardamar tana kan inda sukar Isra'ila ta ƙare ƙin Yahudawa ya fara. A 2019 Trump ya umarci hukumomi su riƙa la'akari da ma'anar ƙin jinin Yahudawa ta IHRA, ƙungiyar ƙasashe masu raya tunawa da kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa, ma'ana mai misalai 11, bakwai daga ciki a kan Isra'ila. Kenneth Stern, lauyan da ya jagoranci rubuta ma'anar tun farko, ya sha faɗa cewa don tattara bayanai aka yi ta, kuma mayar da ita dokar magana a jami'a kuskure ne.

Majalisa ba ta wuce gona da iri?

Takan wuce. A Maris na 2024 wata jam'iyyar ɗalibai ta ci shugabancin majalisar Michigan da alkawarin tsayar da komai har sai jami'a ta janye jari. Suka cika alkawari, suka ƙi sakin kasafi. Amma wanda ya ji jiki ba kwamitin amintattu ba ne. Ƙungiyoyin wasanni da na al'adu da motar da ke kai ɗalibai filin jirgi su suka rasa kuɗi, har sai da hukumar jami'a ta shigo ta ba ƙungiyoyi rance. A Nuwamba 'yan majalisa suka tuhumi shugabar da mataimakinta, a Disamba aka sauke su. Majalisar da ta riƙe kuɗin kowa saboda matsaya ɗaya ta zubar da hujjar da take kare Falasɗinawa da ita, wato a yi wa kowa doka ɗaya.

Gaskiya ne an kama wata ɗaliba saboda ƙudurin majalisar ɗalibai?

Saboda rubutun da ta yi a kansa. A farkon Maris na 2024 majalisar ɗaliban Tufts, kusa da Boston, ta yi zaman da ya kai ta har bayan tsakar dare, ta zartar da ƙudurori uku daga cikin huɗu. A ciki akwai neman jami'a ta amince cewa kisan ƙare dangi ake yi a Gaza, ta bayyana inda jarinta yake, ta kuma janye daga kamfanoni masu alaƙa da Isra'ila. Cikin 'yan sa'o'i jami'ar ta yi watsi da su. A ƙarshen watan ɗalibai huɗu masu karatun gaba da digiri suka rubuta sharhi a jaridar ɗalibai suna cewa ya kamata shugaban jami'a ya mutunta muryar majalisar. Ɗaya daga cikinsu Rumeysa Ozturk ce, 'yar Turkiyya mai karatun digirin digirgir a kan tarbiyyar yara.

Shekara guda bayan haka, a 25 ga Maris na 2025, cikin watan azumi, tana kan hanyar zuwa buɗa-baki da ƙawayenta a garin Somerville, jami'ai cikin farin kaya, wasunsu da fuska a rufe, suka kewaye ta a titi suka sa mata ankwa. An riga an soke bizarta ba tare da an sanar da ita ba. Aka kai ta wurin tsarewa a Louisiana, ta yi mako shida. A 9 ga Mayu alƙali William Sessions na Vermont ya ba da umarnin a sake ta, yana mai cewa gwamnati ba ta kawo wata shaida ba ban da wannan sharhi. Ita kanta jami'ar da aka soka a rubutun ta shaida wa kotu cewa sharhin bai saɓa wa dokarta ba.

Ke nan ɗalibin da ba ɗan ƙasa ba ba shi da bakin magana?

A doka yana da shi. A 30 ga Satumban 2025 alƙali William Young na Boston, wanda tsohon shugaban ƙasa Reagan ya naɗa, ya yanke cewa baƙon da ke zaune a Amurka bisa ƙa'ida yana da 'yancin magana daidai da ɗan ƙasa, kuma gwamnati ta karya tsarin mulki da ta riƙa farautar masu goyon bayan Falasɗinu don tsorata saura. Amma kafin wannan hukunci an riga an yi ɓarna. Mahmoud Khalil, Bafalasɗinen da ya yi wa ɗaliban Columbia shiga tsakani da hukuma, yana da katin zama na dindindin, aka kama shi a 8 ga Maris na 2025, ya yi kwana 104 a tsare, matarsa ta haihu ba ya nan. Sakataren harkokin waje Marco Rubio ya dogara da wani sashe na dokar shige da fice ta 1952 da ya ba shi damar korar wanda zamansa zai cutar da manufofin ƙasar a waje. Mohsen Mahdawi kuwa, shi ma Bafalasɗine ɗalibin Columbia, a ofishin da ya je ganawar zama ɗan ƙasa aka kama shi. Momodou Taal, ɗalibin Cornell mai takardun Gambiya da Birtaniya, ya tattara ya bar ƙasar da kansa.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Jaridun ɗalibai sun sha samun roƙo daga baƙi cewa a goge sunansu daga tsohon rubutu. Abin ya shafi namu ma, domin 'yan Nijeriya sama da 20,000 ke karatu a Amurka, kuma tun tsakiyar 2025 ana buƙatar mai neman bizar karatu ya buɗe shafukansa na sada zumunta a duba.

An taɓa cin nasara ta wannan hanya kuwa?

A kan Afirka ta Kudu an ci. Ɗaliban Columbia sun toshe ƙofar ginin Hamilton na kusan mako uku a 1985, suka raɗa masa sunan Mandela, kafin shekarar ta ƙare jami'ar ta amince ta janye jari. A 1986 Jami'ar Kalifoniya ta bi sahu da kusan dala biliyan 3. Ginin Hamilton ɗin nan ne ɗaliban 2024 suka mamaye suka sa masa sunan Hind Rajab, yarinyar da aka kashe a cikin mota a Gaza.

A kan Falasɗinu, nasara mafi bayyana ba a Amurka aka same ta ba. A Mayun 2024 Kwalejin Trinity da ke Dublin ta ci tarar ƙungiyar ɗalibanta yuro 214,000 saboda zanga-zangar da ta toshe wurin da masu yawon buɗe ido ke biya su shiga. Ɗalibai suka amsa da kafa tantuna. Cikin kwana biyar kwalejin ta amince ta janye jari daga kamfanonin Isra'ila masu aiki a yankunan da aka mamaye, daga baya ta yafe tarar, a Yunin 2025 kuma ta yanke shawarar katse hulɗa da jami'o'in Isra'ila. A Brown abin da ɗalibai suka samu shi ne alkawarin a kaɗa ƙuri'a a kwamitin amintattu. An kaɗa a Oktoban 2024, aka ƙi.

Ina aka kwana game da ikon majalisun kansu?

Ana rage shi. A Maris na 2025 gwamnatin Trump ta riƙe wa Columbia dala miliyan 400, a Yuli jami'ar ta amince ta biya miliyan 200 ta kuma tsaurara dokokin zanga-zanga da ladabtarwa. Sauran jami'o'i sun ji. Majalisar Davis ta zartar a Fabrairun 2024 cewa ba za ta kashe kuɗinta a kamfanonin da ke jerin ƙauracewa ba, wato a wannan karon ba shawara ta bayar ba, aljihunta ta taɓa. Da ƙungiyar ɗaliban sashen shari'a na jami'ar ta yi irin haka a 2025, sai aka dakatar da ita, hukuma ta karɓe kuɗinta. A farkon Yulin 2025 shugaban jami'o'in Kalifoniya na lokacin, Michael Drake, ya rubuta wa dukkan rassa goma cewa majalisun ɗalibai ba su da izinin ƙaurace wa kamfani saboda alaƙarsa da wata ƙasa. Wasiƙar ta ce ɗalibi a ƙashin kansa yana nan da 'yancin faɗar ra'ayinsa.